Matacin Iska a Na'urar Taimakon Numfashi: Aikinsa, Zaɓensa da Lokacin Canza Shi

Gabatarwa

A gidaje da yawa akan sami mutumin da aka sani da minshari, wanda idan ya kwanta har na ɗakin kusa sai sun ji. Galibi akan mayar da al'amarin abin raha. To amma duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da wasu daga cikin masu minshari, zai lura da wani abin ban tsoro. Mutum yana cikin minsharinsa sai a ji tsit, kamar an ɗauke wuta. Bayan ɗan lokaci sai ya zabura da gurnani, ya ja dogon numfashi, sa'annan ya koma barci, ba tare da ya san abin da ya faru ba. Wannan ita ce cutar ɗaukewar numfashi cikin barci. Babban maganinta a yau shi ne wata 'yar na'ura da ake ajiyewa a gefen gado, wadda ke hura wa mai barci iska ta hanci har gari ya waye.

A bayan wannan na'ura, ko a gefenta, akwai wani ɗan ƙyalle da bai kai faɗin tafin hannun yaro ba. Shi ne matacin iska, wanda wasu ke kira filta kamar yadda makanikai ke kiran na mota. Hausawa na cewa raina kama ka ga gayya. Duk iskar da mai amfani da na'urar zai shaƙa cikin dare, sai ta bi ta cikin wannan ɗan ƙyalle. Wannan darasi zai bayyana yadda yake aiki, da yadda ake zaɓensa, da kuma abin da ke nuna cewa lokacin canza shi ya yi.

Cutar da Na'urarta

A lokacin barci tsokokin jiki sukan saki, har da na maƙogwaro da na harshe. A wajen wasu mutane, musamman masu ƙiba da masu kaurin wuya da waɗanda suka manyanta, wannan sakin yakan sa hanyar iska ta tsuke. Idan ta tsuke kaɗan, naman maƙogwaro yakan riƙa kaɗawa yayin da iska ke wucewa, wannan kaɗawa ita ce minshari. Idan kuwa ta rufe gaba ɗaya, sai numfashi ya tsaya, iskar oksijin ta ragu a cikin jini, har sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci domin hanyar ta buɗe.

Likitoci sukan ƙidaya duk tsayawar numfashi ko raguwarsa da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. Idan gwajin barci ya nuna sau 5 zuwa 14 a cikin awa ɗaya, cutar mai sauƙi ce. Daga 15 zuwa 29 matsakaiciya ce, daga 30 zuwa sama kuma ta yi tsanani. Wani bincike da aka buga a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 936, 'yan shekara 30 zuwa 69, ke da wannan matsala a duniya. Mai ita yakan tashi da gajiya da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi. An kuma tabbatar da dangantakarta da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga kuma haɗarin mota ga direban da barci ya sace a kan sitiyari.

A shekarar 1980 wani likita mai suna Colin Sullivan, a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ya gwada hura wa wani majiyyaci iska ta hanci yana barci, sai ya ga numfashin ya daina tsayawa. A 1981 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum biyar a mujallar likitoci ta Lancet. Daga nan aka samo na'urar da ma'aikatan lafiya ke kira CPAP a taƙaice.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. A cikinta akwai ɗan inji mai farfela da ke zuƙo iskar ɗaki, ya tura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da aka ɗaura a hanci, ko a hanci da baki. Matsin iskar shi ke tokare bangon maƙogwaro ya hana shi rufewa, kamar yadda iska ke riƙe tayar keke. Ana auna wannan matsi da santimita na ruwa, galibi tsakanin 4 da 20. Ɗalibi zai iya jin ƙarfinsa da kansa: idan ya nutsa siririn bututun shan lemo zurfin santimita 10 a cikin ruwa, ƙarfin da zai sa kafin kumfa ta fara fita shi ne matsin santimita 10 na ruwa.

Wajibi ne a lura da abu ɗaya a nan. Wannan na'ura ba ta ƙera oksijin, ba ta kuma da tukunyar iska ta musamman. Iskar ɗakin da aka ajiye ta ita take bai wa mai barci, da duk abin da ke cikinta.

Yawan Iskar da ke Bi ta Mataci

Babban mutum da ke hutawa yakan shaƙi kimanin rabin lita a kowane numfashi, sau 12 ko fiye a minti ɗaya, wato kimanin lita 6 ke nan. To amma iskar da na'urar ke zuƙa ta ninka wannan sau da dama. Dalili shi ne an yi wa takunkumin 'yan ƙananan ramuka da gangan, domin iskar da mutum ya fitar ta riƙa fita waje, kada ya sake shaƙar ta. Ta waɗannan ramuka iska ba ta daina fita, kimanin lita 20 zuwa 40 a minti ɗaya, gwargwadon matsin da aka saita da irin takunkumin.

A ƙaddara lita 30 ce a minti ɗaya. Barcin awa 8 minti 480 ne. Idan aka ninka 30 sau 480 za a sami lita 14,400, wato cikin jarka 576 mai cin lita 25, a dare ɗaya tak. A wata guda lissafin ya kai lita 432,000. Wannan duka ta ƙofa guda take shiga, kuma mataci ne mai gadin ƙofar.

Abin da ke Yawo a Cikin Iska

Idan hasken rana ya ratso ta tsagar taga, akan ga ƙura na yawo a cikinsa. Abin da ido ke gani kaɗan ne daga abin da ke akwai. Ana auna ƙwayoyin ƙura da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin kan mutum ya kai kimanin maikiromita 70. Ƙurar furanni takan kama daga 10 zuwa 100, bakteriya kuma daga 1 zuwa 'yan kaɗan, hayaƙi kuwa yawancinsa bai kai 1 ba.

Hancin ɗan Adam shi kansa mataci ne. Gashin hanci da majina sukan kama manyan ƙwayoyi, a fyace su ko a haɗiye. Waɗanda ba su kai maikiromita 10 ba suna iya wucewa zuwa hanyoyin huhu, waɗanda ba su kai 2.5 ba kuma sukan kai har can cikin 'yan jakunkunan da jini ke karɓar oksijin. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara mizaninta game da irin wannan ƙura a shekarar 2021.

Yadda Mataci ke Kama Ƙura

Mutane da yawa suna zaton mataci kamar rariyar tankaɗe yake, wato abin da ya fi rami girma ya tsaya, wanda bai kai ba ya wuce. Wannan hanya ɗaya ce kawai. Idan aka duba mataci da madubin ƙara girma, za a ga zarurruka ne birjik a cakuɗe, iska na ratsawa tana lanƙwasa a tsakaninsu. Ƙura takan maƙale ta waɗannan hanyoyi:

1. Ƙwaya mai nauyi ba ta iya bin iska idan ta sha kwana, sai ta miƙe ta yi karo da zare, kamar motar da ta zo kwana a guje.

2. Matsakaiciyar ƙwaya takan bi iskar, amma idan ta gogi zare sai ta manne.

3. Ƙwaya 'yar mitsitsiya ba ta tafiya a miƙe, domin ƙwayoyin iskar kansu suna ta bugun ta nan da can har ta faɗa kan zare. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya bayyana irin wannan motsi a cikin ruwa a shekarar 1827.

4. Wasu matatai an ɗura wa zarensu cajin lantarki, suna jawo ƙura kamar yadda biron roba da aka goga a gashi ke ɗaukar gutsattsarin takarda.

Abin mamaki shi ne ƙwayar da ta fi wuyar kamawa ba ita ce mafi ƙanƙanta ba. Wadda ke kusa da maikiromita 0.3 ce, domin ba ta da nauyin da zai sa ta yi karo, ba ta kuma yi ƙanƙantar da za ta riƙa tangaɗi sosai ba. Da wannan girman ne ake gwada ingancin manyan matatan asibiti.

Kowane mataci yana tare iska ko yaya, kuma gwargwadon yadda ƙura ke taruwa, gwargwadon yadda tarewar ke ƙaruwa. Mai tace gasarar koko ya san haka: idan dusa ta cika ƙyalle, sai an matsa da ƙarfi kafin ruwa ya fita.

Ire-iren Matatai

Na farko shi ne na soso, galibi baƙi ko ruwan toka, a wasu na'urori kuma shuɗi. Ramukansa manya ne, yana kama gashi da zaren tufafi da manyan ƙwayoyin ƙura. Ana wanke shi a mayar.

Na biyu shi ne mai laushi, galibi fari, mai kama da takarda ko auduga. Yana kama ƙananan ƙwayoyin da soso ke bari. Ba a wanke shi, domin ruwa yakan lalata tsarin zarensa ya kuma rage cajinsa. Idan ya yi datti sai a jefar. Akwai nau'insa da aka ƙara wa inganci saboda masu asma da masu yawan atishawa.

Na uku shi ne matacin ƙwayoyin cuta, mai gidan roba, wanda ake haɗawa ta wajen da iska ke fita zuwa tiyo. An fi amfani da shi a asibiti, inda majiyyata da yawa ke amfani da na'ura ɗaya. Yana iya rage matsin da ke isa hanci, yana kuma toshewa idan danshi ya kama shi, don haka ba a sa shi a gida sai da shawarar likita.

Wasu na'urori mataci ɗaya suke ɗauka, wasu kuma biyu. Inda biyu ne, iska takan fara cin karo da na soso kafin mai laushi, domin kada manyan ƙwayoyi su yi saurin toshe na biyun.

Yadda Ake Zaɓe

Abu na farko shi ne a duba sunan na'urar da samfurinta a littafin da ta zo da shi, ko a rubutun da ke jikinta. Matatai sun bambanta a girma da kauri, har a tsakanin na'urorin kamfani ɗaya. Wanda ya yi ƙanƙanta zai bar giɓi a gefe, iska kuwa kamar ruwa take, hanya mafi sauƙi take bi, sai ta zagaye shi da ƙurarta. Wanda ya yi girma kuma zai lanƙwashe.

Na biyu, kada a yanko soson katifa ko ƙyalle ko auduga a cusa a madadinsa. Araha ba ta ado. Irin waɗannan suna iya tare iska fiye da kima, ko su riƙa sakin gutsattsari zuwa cikin inji da hanci.

Na uku, a yi la'akari da lafiyar mai amfani da kuma muhallinsa. Mai asma, da wanda ɗakinsa ke bakin hanyar da ba kwalta, sun fi bukatar mataci mai laushi. Yana da kyau a sayi da dama lokaci ɗaya, a adana su cikin leda a rufe, a wuri busasshe.

Yaushe Ake Canzawa?

Kamfanoni sun bambanta a umurninsu. Littafin na'urar AirSense 10 ta kamfanin ResMed ya ce a riƙa duba matacin, a canza shi aƙalla duk wata shida, ko kafin haka idan ya huje ko ya toshe, kuma ba a wanke shi. Littafin DreamStation ta kamfanin Philips ya ce a ɗauraye wanda ake wankewa duk mako biyu, a canza shi bayan wata shida, mai laushin kuma a jefar da shi bayan kwana 30. A Amurka, shirin inshorar lafiya na Medicare yana amincewa da matatai biyu na jefarwa a wata, da na wankewa guda ɗaya a wata shida.

Waɗannan wa'adodi iyaka ce ta ƙarshe, ga ɗakin da ƙurarsa ba ta wuce kima ba. Abin da ke cika mataci yawan ƙura ne, ba yawan kwanaki ba. Idan ƙurar ɗaki ta ninka sau biyar, abin da yake tarawa cikin kwana 30 zai tara shi cikin kwana 6.

Wannan lissafi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Mai yawa daga cikinta tana fitowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon babban tafki, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Masana suna lissafa wannan kwari a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar da ke kwanciya a kan tebur da allon aji a Kano ko Damagaram cikin dare ɗaya, irinta ce na'urar ke zuƙa. Saboda haka a lokacin hazo ya kamata a duba mataci duk bayan kwana biyu ko uku. A sauran watanni duba ɗaya a mako ya wadatar.

Hanyar dubawa ita ce a ciro shi a ɗora kusa da sabo. Idan fari ya koma ruwan ƙasa ko ruwan toka, ko ya huje, ko ya yi wari, lokacinsa ya yi. Soso kuma idan ya fara marmashewa ko ya daina komawa siffarsa bayan an matsa, a jefar da shi. Wasu alamun su ne ƙarar na'ura ta ƙaru, jikinta ya yi zafi, ko mai amfani ya riƙa tashi da atishawa da toshewar hanci. Toshewar mataci tana wahalar da inji, domin sai ya ƙara gudu kafin ya cim ma matsin da likita ya saita. Idan abin ya yi yawa har ya kasa, hanyar maƙogwaro tana iya komawa rufewa alhali mutum na sanye da takunkumi. Illa mafi girma ita ce majiyyaci ya gaji da wari da ƙara, ya jingine na'urar, cutar ta dawo masa.

Matakan Canzawa

A kashe na'urar, a zare ta daga lantarki. A buɗe murfin mataci da hannu mai tsabta, a lura da yadda tsohon ya zauna kafin a cire shi. A goge wurin da busasshen ƙyalle, a sa sabon ya zauna daram ba giɓi, a rufe, sa'annan a rubuta kwanan wata. Idan na soso ne, a ɗauraye shi da ruwa mai ɗumi, da ɗan sabulu marar ƙamshi idan littafin ya yarda, a shanya shi a inuwa har ya bushe sarai. Mayar da jiƙaƙƙen mataci yana jawo fumfuna, yana kuma iya kai ruwa cikin inji. Mai soso biyu ya huta, domin yana sa ɗaya yayin da ɗayan ke bushewa. Kada a kunna na'ura babu mataci, kada kuma a jingina mashigar iskarta da bango ko labule, ko a ajiye ta a ƙasa inda ƙura ta fi yawa.

Abin da Mataci Ba Ya Iyawa

Mataci ƙwayoyin ƙura yake kamawa, ba ya tare gurɓatacciyar iska. Iskar kabon monoksaid da ke fita daga janareto da garwashin gawayi ba ta da launi ba ta da wari, tana ratsa shi kamar babu shi, kuma tana kisa. Wanda zai tayar da janareto domin na'urar, lalle ya ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro su ma yawancinsu suna wucewa, don haka a bari ɗaki ya washe kafin a kunna na'urar.

Haka nan ba ya kare mutum daga abin da ya lalace a bayansa. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urorinsa, bayan an gano cewa soson rage ƙara da ke can cikinsu yana iya marmashewa, mai barci ya shaƙi gutsattsarinsa. An bayyana cewa zafi da danshi, da tsabtace na'ura da iskar ozon, suna iya ƙara lalata shi. Wannan soso daban yake da matacin iska. Wanda ya ga baƙin gari a cikin tiyo ko takunkumi, ya hanzarta sanar da likitansa. Mai sayen na'urar da aka taɓa amfani da ita kuma, ya bincika ko tana cikin waɗanda kiranyen ya shafa.

Gwajin Aji

Malami zai iya raba ɗalibai rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya yanka farin kwali guda uku, ya shafa musu man basilin kaɗan. A ajiye ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan tebur, ɗaya kusa da taga. Bayan kwana uku a kwatanta su da madubin ƙara girma. A maimaita gwajin sau ɗaya da hunturu, sau ɗaya da damina, a rubuta bambancin. Daga sakamakon ɗalibai su nuna wurin da ya fi dacewa a ajiye na'ura a ɗaki.

Kammalawa

Lafiyar mai ɗaukewar numfashi cikin barci ta rataya ne ga yin amfani da na'urarsa kowane dare, na'urar kuma ba ta aiki yadda ya kamata sai iska na shigarta tsaf. Littafin kamfani ya ba da iyakar wa'adi, amma launin mataci shi ke faɗin halin da ɗakin yake ciki. Ɗalibin da ke da mai irin wannan na'ura a gidansu zai iya ɗaukar nauyin dubawa da rubuta kwanan wata, aikin da bai wuce minti biyu ba. Wanda kuma ya lura da numfashin wani na tsayawa cikin barci, ya ba shi shawarar ganin likita.

Tambayoyi

1. Me ya sa iskar da ke bi ta mataci ta fi wadda mai barci ke shaƙa yawa?

2. Na'ura na zuƙar lita 25 a minti ɗaya. Lita nawa za ta zuƙa cikin mako guda, idan ana barcin awa 7 kowane dare?

3. Kawo hanyoyi huɗu da zaren mataci ke kama ƙura.

4. Mataci yakan cika cikin kwana 28. Idan ƙura ta ninka sau huɗu, bayan kwana nawa za a canza shi?

5. Don me mataci ba zai kare mai barci daga hayaƙin janareto ba?